Takardun ƙarya a Masallacin Paris: zunubi aka yi ko wajibi aka sauke?

Abban Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga wata mas'ala ina so mu zauna a kanta, musamman malamanmu. A watan Yunin 1940 sojojin Hitila suka shiga Paris. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare an kwashe Yahudawa kusan 76,000 daga Faransa zuwa sansanonin kisa, kaɗan ne suka dawo. A ranakun 16 da 17 ga Yulin 1942 kawai, 'yan sandan Faransa da kansu suka kama mutum sama da 13,000 a Paris, fiye da 4,000 cikinsu yara ne.

A garin akwai Babban Masallacin Paris da aka buɗe a 1926, shugabansa Si Kaddour Benghabrit, haifaffen Aljeriya. Akwai kuma Yahudawan Aljeriya da Maroko da Tunisiya da ke zaune a can: Larabci suke yi, da kaciyarsu, ba sa cin alade, sunayen wasunsu ba ka raba su da na Musulmi. Tsakanin irin wannan mutum da jirgin ƙasan da zai kai shi mahallaka, takarda ɗaya ce, mai hatimin masallaci, wadda ta ce wane Musulmi ne. Tun a watan Satumbar 1940 wata takardar gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ke haɗa kai da Jamusawa, ta rubuta cewa Jamusawa na zargin ma'aikatan masallacin da bai wa Yahudawa irin wannan shaida, har an yi wa liman barazana ya daina. Wanda aka fi ba da labarinsa shi ne mawaƙi Salim Halali, Bayahude ɗan Annaba. An ruwaito cewa an ba shi takardar, har aka sassaƙa sunan mahaifinsa a kan wani kabari a maƙabartar Musulmi ta Bobigny don in an je bincike a gani.

To tambayata: malami ya sa hannu ya buga hatimi a kan abin da ya san ba haka yake ba. Ya yi zunubi? Ni dai a ganina wajibi ya sauke.

Ɗalibi Mai Neman Sani:
Wa alaikumus salam. Yaya, ni abin ya tsaya mini a wuya. Wannan ai shaidar zur ce a rubuce. Manzon Allah (SAW) yana kishingiɗe yana lissafa manyan zunubai, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausayinsa. Kuma ba a kan kuɗi ko gona aka yi ƙaryar ba, a kan addini ne. Masallaci fa. In masallaci ya fara ba da shaidar ƙarya, gobe maganar wa za a yarda da ita?

Uwar Biyu:
Ƙanina, bari in tambaye ka. Yarinya ta shigo gidanka da gudu ta shige ƙarƙashin gado, ga mutum da adda a ƙofa yana cewa ta shigo nan? Me za ka ce masa?

Ɗalibi Mai Neman Sani:
Anti, ba zan nuna ta ba. Amma zan nemi kalmar da ba ƙarya ba ce.

Uwar Biyu:
Kana neman kalma yana tura ƙofa.

Malam Na-Zaure:
Ku yi haƙuri da yaron nan, tsoron Allah ne ya sa shi tambaya, kuma zuciyar da ƙarya ke yi wa nauyi ita ake so. Sai dai ɗana, mas'alar ba sabuwa ba ce. Shaidar zur da aka tsoratar da mu ita ce wadda ake ƙwace haƙƙin mai haƙƙi da ita, a ɗaure marar laifi ko a saki mai laifi. To wane haƙƙi jami'in Hitila yake da shi a kan ran wannan bawan Allah? Babu. Ba alƙali ba ne mai neman gaskiya don ya yi hukunci, mafarauci ne mai neman sawu.

Ka buɗe Riyadus Salihin da muke karantawa kullum bayan magariba, babin abin da ya halatta na ƙarya. Imam Nawawi ya ce in mutum ya ɓuya daga azzalumin da ke son kashe shi, aka tambayi wani inda yake, to ƙarya ta wajaba a kansa don ya ɓoye shi. Ka lura, bai ce ta halatta ba, cewa ya yi ta wajaba. Ya ƙara da cewa abin da ya fi shi ne a yi tauriyya, wato ka faɗi magana mai fuska biyu, kai kana nufin ɗaya mai tambaya ya fahimci ɗaya, kamar yadda Sayyidina Abubakar ya yi a hanyar hijira da aka tambaye shi wane ne wannan tare da kai, ya ce mai nuna mini hanya ne. Amma ya ce ko ka kasa tauriyyar ka faɗi ƙarya tsagwaronta a wannan hali, ba haramun ka yi ba. Hujjar malamai hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba, cewa mai sulhunta mutane ba maƙaryaci ba ne. In don a sasanta masu gaba an yi rangwame, ina ga don a tsare jini?

Ɗan Damagaram:
Allah ya gafarta Malam, ni na duba wurin. Nawawi cewa ya yi in Musulmi ya ɓuya. Waɗannan kuwa Yahudawa ne. Kuma gaskiya, da abin da muke gani a Gaza, zuciyata ba ta kwanta da wannan labari ba.

Malam Na-Zaure:
Zafin Gaza duk muna jin sa, ba wanda zai ce maka kada ka ji. Amma a 1942 ba a ma kafa Isra'ila ba, sai 1948, kuma yaran da aka loda a jirgin ƙasa ba su zalunci kowa ba. Allah ya ce wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Sannan ka karanta aya ta 6 a Suratut Tauba: in wani daga mushirikai ya nemi mafakarka, ka ba shi, sannan ka kai shi wurin amincinsa. Mushiriki fa, a surar da ta fi kowace tsanani kan yaƙi. Ranar buɗe Makka Ummu Hani ta ba wani mafaka, ɗan'uwanta Sayyidina Ali ya ce sai ya kashe shi, ta kai ƙara, Annabi (SAW) ya ce mun ba da mafaka ga wanda kika ba mafaka. Malami yakan ambaci Musulmi don shi ne misalin da ya fi faruwa a gabansa. Dalilin hukuncin shi ne jinin da bai halatta a zubar ba.

Abban Hafsa:
Akwai wani ɓangare na labarin da ya kamata in ƙara, don kada a ɗauka waƙar yabo nake yi. Masana tarihi sun yi saɓani sosai kan yawan waɗanda masallacin ya ceta, wasu sun kai adadin sama da dubu, wasu sun ce 'yan kaɗan ne ake da hujja a kansu. Benghabrit ya ci gaba da hulɗa da hukumomin Vichy da na Jamus, yana karɓarsu a masallaci. Abin da ya fi ci mini rai: akwai takardun da ke nuna a wasu lokutan hukuma ta aiko wa masallacin tambaya kan wani mutum da ya ce shi Musulmi ne, amsar da ta fito kuma ba ta kare shi ba.

Ɗalibi, ka tsaya kan wannan. A waɗancan lokutan gaskiya aka faɗa. Ba a yi shaidar zur ba, hatimin masallaci bai ɓaci ba. Amma da za a ce ka zaɓi takardar da za ka tsaya da ita gaban Allah, wadda aka yi wa Halali ko wadda ta miƙa mutum ga masu kisa, wacce za ka ɗauka? Ni wannan gaskiyar ce take ba ni tsoro, ba waccan ƙaryar ba.

Ɗan Wusasa:
Salamu alaikum jama'a, ku ba ni dama in sa baki a matsayina na Kirista, don mu ma mun daɗe muna wannan gardama. A Littafin Fitowa, Fir'auna ya umarci ungozomomi biyu su riƙa kashe 'ya'ya maza na Isra'ilawa wajen haihuwa. Suka ƙi. Da ya tuhume su suka ce ai matan nan ƙarfi gare su, kafin mu isa sun haihu. Littafin ya ce Allah ya kyautata musu domin sun ji tsoronsa. Duk da haka babban malaminmu Agustin, wanda ya yi zamansa a Hippo, garin da yau ake kira Annaba, ya tsaya kai da fata cewa ƙarya ba ta halatta ko don ceton rai. Misalin da ya kawo shi ne wani bishop mai suna Firmus: ya ɓoye mutum, manzannin sarki suka zo nema, ya ce musu ba zan yi ƙarya ba, ba kuma zan ba da shi ba. Suka azabtar da shi, bai sauya ba. Ina ganin wannan hanya ta uku ce da Ɗalibi yake lalube.

Kuma mun ga irinta a gida. Ranar 23 ga Yunin 2018 a Nghar Yelwa, ƙaramar hukumar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai sama da shekara 80, ya ɓoye mutum 262 da suka gudo, mafi yawansu Kiristoci, mata a gidansa maza a masallaci. Ya tsaya gaban masu bindiga ya ƙi ba su hanya, yana roƙonsu. Har Amurka ta karrama shi a 2019. Mu ba za mu manta da Baba Liman ba.

Uwar Biyu:
Allah ya saka wa Baba Liman da aljanna. Amma Baban Wusasa, hanyar bishop ɗin nan ba kullum take ɓullewa ba. Duk wanda ya ce "ba zan faɗa ba" ya riga ya faɗa. Soja ya ji haka ya san mutum na ciki, sai ya ture ka ya shiga. Kai ka tsira da harshenka da tsarki, wanda ke ƙarƙashin gado shi ya biya. Jarumtar da za a yi da ran wani ni ban gane mata ba. In ranka ne kaɗai a faifai, ka yi yadda ka ga dama.

Malam Na-Zaure:
Hajiya ta taɓo inda maganar take. Abu uku ne ake cakuɗawa. Ƙarya don ceton wani daban, ƙarya don ceton kai daban, sannan ƙarya a kan ita kanta gaskiyar a bainar jama'a daban.

Ta ceton kai rangwame ce. Ammar ɗan Yasir, an kashe uwarsa Sumayya, mahaifinsa ya mutu a hannun masu azaba, shi ma aka matsa masa har ya furta abin da suke so. Ya zo yana kuka. Annabi (SAW) ya tambaye shi yaya ka ji zuciyarka, ya ce a natse take da imani, ya ce in sun sake ka sake. Aya ta 106 a Suratun Nahli tana kan wannan. Bilal kuwa da dutse a ƙirjinsa Ahad Ahad yake cewa. Ba a zargi Ammar ba, ba a kuma ce Bilal ya yi wauta ba.

Ta ukun ita ce mai wuya, kuma a nan nake so matasa su natsu. A shekara ta 218 bayan hijira, wato 833, Halifa Ma'amun ya aika wa gwamnan Bagadaza, Is'haƙ ɗan Ibrahim, ya tara alƙalai da malaman hadisi, kowa ya furta cewa Alƙur'ani halitta ne. Wanda ya ƙi, a raba shi da aikinsa, a daina karɓar shaidarsa, in ya dage a turo shi cikin mari. Manyan malamai suka amsa, har da Yahaya ɗan Ma'in, wanda duk mai karatun hadisi ya san nauyinsa. Suka kafa hujja da Ammar. Mutum biyu suka rage a ƙarshe, Ahmad ɗan Hambali da wani saurayi Muhammad ɗan Nuhu. Aka ɗora su a kan dabba da mari za a kai su wurin Halifa, suna hanya labarin mutuwar Ma'amun ya zo, aka juyo da su, saurayin ya rasu a hanya, Ahmad ya yi masa salla. Ya yi sama da shekara biyu a kurkuku, aka yi masa bulala gaban sabon Halifa Mu'utasim har ya suma.

Me ya hana shi karɓar rangwamen da Allah ya ba Ammar? An ruwaito yana cewa in malami ya amsa don tsoro, jahili kuma bai sani ba, yaushe gaskiya za ta bayyana? Ammar ya furta kalmarsa ga masu azabarsa, ba wanda ya ɓata saboda ita. Ahmad kuwa duk abin da ya faɗa Bagadaza za ta rubuta ta ce addini ne. Abin da Halifa yake nema ke nan tun farko, ba zuciyar Ahmad ba, sunansa yake so ya yi hatimi da shi.

Ɗalibi Mai Neman Sani:
To Malam, ai maganata ce ta dawo. Masallacin Paris ma sunansa ne hatimi.

Malam Na-Zaure:
Wa aka yaudara, kuma wa ya amfana? A Paris an rufe idon azzalumi don wanda ake farauta ya tsere. Ba Musulmin da ya rikice a kan addininsa saboda takardar Halali. A Bagadaza so aka yi a rufe idon jama'a don azzalumi ya ci nasara. Ka riƙe waɗannan tambayoyi biyu, za su raba maka mas'aloli da yawa. Kuma ka sani Ahmad ɗin nan da ya ƙi sayar da kalma ɗaya, da malaman Bagadaza suka zo masa a zamanin Halifa Wasiƙ suna maganar tawaye, hana su ya yi, don kada a zubar da jinin mutane.

Abban Hafsa:
Shi ya sa nake jin takaici in na ga an juya abin. Malamin da ya kamata ya yi irin ta Ahmad, ya faɗa wa mai mulki cewa an kashe mutane ba bisa haƙƙi ba, sai ya ce maslaha ce ya yi shiru, har ya yi addu'a ya karɓi ambulan. Talakan da ya kamata a ce masa ɓoye maƙwabcinka ko da ƙarya, shi ake tsorata wa da wuta. Rangwame ya koma hannun mai ƙarfi, tsanani ya koma kan mai rauni.

Ɗan Damagaram:
Na ji bayanin Malam kan aya, na karɓa. Ga wata kuma. Idan gwamnati azzaluma ce, muna yaƙarta a Facebook da WhatsApp, ya halatta mu ƙara gishiri? Misali hoton gawarwaki daga wata ƙasa a ce a nan ne, don mutane su farka. Ai an ce yaƙi ɗan zamba ne.

Abban Hafsa:
A'a, wallahi a'a. Yi amfani da tambayoyin Malam: wa ka yaudara? Ba azzalumin ba, shi ya san abin da ya yi da wanda bai yi ba. 'Yan'uwanka ka yaudara, waɗanda suka amince da kai. Kuma ranar da aka gano hoton na wata ƙasa ne, ka ba shi kyauta, zai ɗaga shi ya ce kun gani, duk ƙarya suke yi, har gawarwakin gaske su bi ruwa. Wani lokacin ma hoton ya sa a tare hanya a kashe matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Allah ya ce kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci. Zambar yaƙi a kan abokin gaba ake yin ta, ba a kan jama'arka ba.

'Yar Ƙauye:
Ina ta karantawa ban yi niyyar magana ba. Malam, mu abin nan ba tarihi ba ne a wurinmu. A ƙauyen kakannina 'yan bindiga ne hukuma, su ke sa haraji kafin a yi girbi. Wani dare suka shigo suka kama ɗan ƙanwar mahaifiyata, yaro ne bai kai ashirin ba, ya fito kewaye da buta a hannu. Suka sa masa bakin bindiga a bayan kunne suka ce ya kai su gidan mutumin da suke zargi yana kai wa sojoji rahoto. Ya san gidan. Ya ce bai sani ba, suka buge shi da gindin bindiga har haƙorinsa ya fita. Da ya ga za su harbe shi sai ya nuna wani gida can ƙarshen gari, yana zaton kango ne, masu shi sun yi hijira. Ashe maigidan ya dawo kwana biyu kafin nan don ya duba hatsinsa. Suka tafi da shi. Sai da aka sayar da shanu aka karɓo shi, kuma har yau ƙafarsa ba ta koma daidai ba.

Yaron nan ya daina shiga mutane. Yana cewa ƙaryarsa ce ta jawo. Wasu a garin suna cewa ya ceci rai, wasu suna cewa ya sayar da marar laifi. Me zan ce masa?

Uwar Biyu:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya isar muku. 'Yar'uwa, ki rungumi yaron nan, ya yi abin da manya da yawa ba za su iya ba.

Ɗan Wusasa:
Allah ya ta'azantar da ku, 'yata. Laifin na masu bindiga ne.

Malam Na-Zaure:
'Yata, Allah ya kawo muku ƙarshen wannan musiba. Ki isar masa da wannan daga gare ni. Da ya ce bai sani ba, wajibi ya yi, kuma haƙorin nan yana da ladarsa. Malamai sun haɗu a kan cewa wanda aka tilasta ba shi da damar ya kashe wani don ya tsira, domin ransa bai fi na wancan ba, saboda haka da ya san da mutum a gidan ya nuna, da maganar ta sauya. Shi kuwa kango ya nufa. Tilas da kuskure suka haɗu masa a dare ɗaya, kuma duka biyun an ɗauke wa al'ummar nan zunubinsu. Waɗanda suka ɗauki mutumin su za su amsa.

Amma kada a tsaya a fatawa, don ba ita kaɗai ke damunsa ba. A samu dattijo a dangi ya raka shi wurin mutumin, ya zauna ya faɗa masa yadda abin ya faru daga buta har zuwa nunin, kada ya rage komai. In danginku na da hali ku sa hannu a asarar shanun, ko a taya shi noma bana tunda ƙafar ba ta ba shi dama. Sannan ku ja kunnen masu yawo da maganar a gari, domin in ta koma kunnen mutanen daji cewa da gangan ya kauce wa gidan da suka nema, shi da mutumin da suke nema duk suna cikin haɗari.

'Yar Ƙauye:
Na gode Malam, Allah ya ƙara lafiya. Kawunmu yana gari ranar kasuwa, zan kira shi in karanta masa, shi ya fi dacewa ya raka shi.